Yadda Na Zaɓa wa Jikata Makaranta da Idon Mai Famfo

Ni na fara gani. Kafin uwarta, kafin ubanta, kafin malaman da suka zo daga baya suna cewa su suka gano ta, ni na ga yarinyar nan tana da kai. Tana shekara bakwai, ina durƙushe a ƙarƙashin tankin gidanmu ina fama da wani yoyo da ya ƙi ji tun safe, ta zo ta tsuguna a gefena tana kallo. Can ta ce, "Tsoho, ba nan yake yoyo ba. Daga sama yake gangarowa, nan ɗin ɗiga kawai yake yi." Na bi jikin bututun da yatsa har sama. Haka ne kuwa. A lokacin na fi shekara talatin ina aikin famfo, amma 'yar da ba ta gama famfara ba ta gyara mini.

Jikata ce, 'yar ɗana tela. Ƙusa nake ce mata, don siririya ce kuma a miƙe take. Ita kuwa tunda ta iya magana ba ta taɓa ce mini Kaka ba, sai Tsoho.

Ni ban taɓa zama a aji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Abin da na sani, hannuna ne ya koya mini. Rami ya rufta da ni sau biyu, na fito. Injin yanka ya tafi da yatsuna biyu na hagu, na ɗaure da tsumma na ƙarasa aikin ranar da takwas ɗin da suka rage. Ina saurayi, a sansanin leburori, ruwan sha ya haɗu da na masai, amai da gudawa ya kwantar da mu mu goma sha ɗaya a ɗaki guda. Mu uku muka tashi. Tun daga ranar, duk gidan da na shiga ba ruwana da fenti ko labule. Baya nake zagayawa, in ga tanki, in ga inda ruwa yake shiga da inda yake fita. In bayan gida ya yi kyau, mutanen gidan ma na yarda da su.

Da Ƙusa ta gama sakandare, takardu biyu suka zo mata. Ɗaya daga wata kwaleji mai nisa, tafiyar awa shida a mota, inda ake koyon injiniyancin ruwa: madatsa, ruwan gari, ban ruwan gonaki. Ita take so, ita ta nema da kanta. Ɗayar kuma daga kwalejin da ke cikin garinmu, inda ake koyon aikin ofis. Wannan uwarta ce ta sa ta cike, wai ko da ta farkon ba ta samu ba.

Ɗana ya kawo mini takardun biyu ya ajiye a gabana, duk da ya san ba karantawa zan yi ba.

"Baba, abin da ka gani shi za a yi," in ji shi. Tunda na haife shi bai taɓa ce mini a'a ba, kuma a da ina ɗaukar wannan abin alfahari ne.

Na ce, "Ba na zaɓen abin da ban gani ba. Zan je in duba."

Muka tafi ni da ita. Lokacin hutu ne, ɗalibai duk sun watse, sai ma'aikata jefi-jefi. Wata mata daga ofis ta ɗauki Ƙusa da wasu yara biyu za ta zagaya da su azuzuwa. Aka ce in biyo su. Na ce su je, ni na san inda ake duba makaranta.

Na zagaya baya. Abin da na gani har yau yana idona. Fili ne babba, an haƙa ramuka sun fi ashirin, a jere, duk a buɗe. Kowane rami da bututu a ciki, kuma babu guda da zan yarda a ce aikina ne. Wani an yanka shi a karkace. Wani an lafta masa gam har ya zubo ya daskare kamar majina. Wani an juya gwiwarsa tana kallon inda ruwan ya fito. A jikin katanga kuma an tara fasassun bututu tuli guda, ƙasa duk ta yi caɓi. Na tsaya ina ƙirga kurakurai, da na kai goma sha bakwai na daina.

Mai gadi yana zaune a inuwa. Na ce, "Malam, wane ne ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Ɗalibai ne," in ji shi.

Ban ƙara tambayarsa komai ba. A raina na ce, wato ko ma'aikacin kirki ba za su iya ɗauka ba, sai su sa yara su haɗa musu ruwan da za su sha. Makarantar ruwa ke nan. Na tuna ɗakin nan na mutum goma sha ɗaya. Ni da nake taƙama da dubawa, ko famfo ɗaya ban buɗe ba a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ban ga amfani ba.

A mota Ƙusa baki ya ƙi rufuwa. Wai akwai wani ɗaki da aka yi kogi na gilashi a ciki, ana sakin ruwa ana ganin yadda yake cin ƙasa. Wai akwai injin da ke nuna abin da ke cikin ɗigo ɗaya. Na bar ta ta gama, sannan na gaya mata abin da na gani a baya.

Ta ce, "Tsoho, ai ramukan nan..."

"Da idona na gani. Ke an kai ki falo, ni na shiga bayan gida. Kin fi ni sanin bututu ne?"

Ta dube ni, ta juya tana kallon taga. A haka muka iso.

Kwalejin garinmu kuwa ba sai na je dubawa ba. Ni na shimfiɗa bututunta da hannuna shekara goma sha tara kafin nan, tun daga tanki har banɗakin ƙarshe, kuma ko ɗigo ba ta taɓa yi ba. Na tara Ƙusa da iyayenta a tsakar gida na yanke magana. Uwarta ta ji daɗi, 'yarta za ta riƙa kwana a gida. Ubanta ya ce to. Ƙusa tana tsaye a jikin ƙofa.

"Aikin ofis fa, Tsoho," ta ce. "Ni da takardu?"

"Takarda ba ta kashe kowa. Ruwa na kashewa."

"To ai shi ya sa nake so in koye shi."

Na yi kamar ban ji ba.

Ban tsaya nan ba, har da dokoki na kafa mata. Na yi shekaru ina gyara a ɗakunan kwanan ɗalibai, ina kwance a ƙarƙashin wurin wanke hannu suna hira a kaina kamar ba mutum ba ne, don haka na ɗauka na san rayuwarsu ciki da bai. Na ce mata daga aji sai gida. Ban da shiga ƙungiya kowace iri. Ban da zuwa ofishin malami. Ban da tsayawa hira bayan an tashi. In an ce za a je wani wuri da 'yan aji, ki ce kakanki ba shi da lafiya, ni kuma zan kwanta in yi nishi in an zo dubawa. Ta yi dariya a wannan na ƙarshen, ita ce dariyar da na samu a ranar.

Ta bi dokokin nan kaf, har ta fi yadda na so. Ƙarfe bakwai ta fita, ƙarfe huɗu tana gida. Sakamakonta kullum mai kyau, ina ɗauka ina nuna wa mutane a bakin shagon ubanta, ina cewa ku ga zaɓina. Shekara biyu babu wata ƙawa da ta taɓa sallama a gidanmu tana nemanta. Na lura, na ce natsuwa ce. In famfon tsakar gida ya fara ɗiga, a da ita ce ke riga ni ɗauko sifana. Yanzu sai ta ce, "Tsoho, famfo yana yoyo," ta wuce ɗaki. Wannan ma na lura, kuma shi ma na yi shiru.

Na daina aiki a lokacin, amma ana nemana in an rasa inda tsohon layi ya bi, don takardun zanen sun ɓace, ni kuwa duk suna kaina. Wata rana aka kira ni wani titi da ake sauya babban bututu. Mai kula da aikin mace ce, yarinya, ba za ta fi Ƙusa da shekara shida ba, da hular kwano da takalmin roba. Na taka ƙasa na ce mata, "Haƙa nan, taku huɗu daga sandar wuta." Aka haƙa, ga shi. Da leburori suka kasa daidaita wani haɗi, ba ta tsaya tana nuni daga sama ba, ta dira cikin ramin ta karɓi zarto. Na kalli hannunta. Hannun wanda ya sani ne.

Da ta fito na ce, "'Yata, a ina kika koya?"

Ta faɗi sunan makarantar. Ita ce dai, mai nisan nan.

Na yi dariya na ce lallai ta yi sa'a da ta fito da rai, na ba ta labarin ramuka ashirin da gwiwar da ke kallon baya. Tana saurare, sai ta fara dariya, har ta dafa motar aiki.

"Baba, ai filin 'yan shekarar farko ka shiga. Ba ruwan sha ba ne, ba a haɗe yake da komai ba. Kowa ana ba shi raminsa, ya haɗa, a tura ruwa da ƙarfi, ya fashe masa a fuska, ya sake. Nawa sau shida ya fashe. Waccan gwiwar kuwa malaminmu ne yake juya ta da gangan, ya ga wa zai fara ganowa."

Na ce, "Da gangan."

"Da gangan. Ka ga ka ci jarrabawar, Baba, da ka zauna da an ba ka maki."

Ta ci gaba da hira, ba ta san abin da take yi mini ba. Wai suna da ƙungiya, duk hutu sukan tafi ƙauyuka su gyara famfunan tuƙa-tuƙa da suka mutu, su kwana a azuzuwa. Wai a can ta koyi rabin abin da ta sani, kuma a can ta haɗu da wadda ta kira ta wannan aikin. Wai malamin nan har yau in abu ya shige mata duhu tana buga masa waya. Ina tsaye ina gyaɗa kai. Ƙasa ta taɓa danne ni har wuya, ban ji nauyin da na ji a bakin titin nan ba.

Na tarar da Ƙusa tana guga a ɗaki. Na zauna a bakin gado, na gaya mata duka, ban rage ba.

Ba ta ɗago ba. "Na sani. Matar ofis ta nuna mana filin ta taga. Na gaya maka a mota."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na fara."

Ta juya rigar ta ci gaba da gugar hannun.

Ni mutum ne da in na ɓata aiki nake komawa in tone shi, ko da an zuba siminti a kai. Na ce ta shirya, jibi za mu koma. Ta ce tana da gwaji ranar Litinin. Na ce za mu dawo kafin nan. Uwarta ta yi ta faɗa, ubanta ya ce to.

Magatakardan makarantar ya karɓe mu da mutunci. Ya duba tsohuwar takardar, ya ce gurbin ya wuce tun shekarar da aka bayar. In tana so, sai ta sake zana jarrabawar shiga, in ta ci ta fara daga shekarar farko, shekara biyar cur. Abin da ta karanta a can babu wanda zai shiga lissafi, don hanyar ba ɗaya ba ce. Na gaya masa ko ni wane ne, na ba shi labarin ramukan baya da kurakurai goma sha bakwai da na ƙirga. Na nuna masa yatsuna. Na lissafa masa unguwannin da ke shan ruwa ta hannuna. Da na ga bai motsa ba, na cire hulata na riƙe a hannu, abin da ban taɓa yi wa ɗan kwangila ko mai gida ba, na ce laifina ne, ba nata ba, a hukunta ni.

"Baba, mayar da hularka," in ji shi. "Da da yadda zan yi, da na yi."

Wani dattijo mai rigar aiki shuɗiya yana tsaye a bakin ƙofa yana jiran a sa masa hannu a takarda, ya ji komai. Da muka fito ya biyo mu.

"Kai ne mai kurakurai goma sha bakwai?" ya ce. "Ashirin da uku ne a filin nan a kowane lokaci. Shida sun wuce ka, tsufa ya fara."

Shi ne malamin nan mai juya gwiwa da gangan. Na ce masa da na tsaya da na ƙirga talatin, har da nasa. Ya yi dariya, ya ce mu zo mu gani.

Filin dai shi ne, amma yau cike yake. Yara maza da mata, kowa a raminsa, laka har gwiwa. Muna isowa aka tura wa wani yaro ruwa, haɗinsa ya ɓalle, ruwan ya watsa shi ya zauna daɓas. Duk filin aka sa masa tafi, wata ta miƙa masa hannu tana tsokanarsa, shi ma yana dariya yana tofar da laka. Na saci kallon Ƙusa. Ba ta dariya. Kallonsu take yi ɗaya bayan ɗaya.

Malamin ya nuna rami na uku daga katanga, ya ce mai shi ya gudu tun sati na biyu. "'Yar tsoho, ko za ki taɓa? Ba maki, ba komai."

Na ɗauka za ta ƙi. Sai ta cire takalmi ta miƙo mini, ta tattare zaninta ta sauka. Ta auna, ta yanka a miƙe. Ta kankare bakin, ta goge shi da gefen mayafinta har ya bushe. Gam kaɗan, ciki da waje. Ta tura, ta ɗan murɗa, ta riƙe tana ƙirgawa a ranta, leɓenta na motsi. Ban taɓa zaunar da ita na koya mata wannan ba. Kallo kawai ta yi, shekara da shekaru, a gefena. Haɗi huɗu ta yi da gwiwa biyu. Yaran kusa suka bar nasu suka zo suka tsaya.

Aka jira gam ya kama, malamin yana ta ja na da gardama a kan bututun ƙarfe da na roba. Sannan ya buɗe ruwa. Allurar agogon awo ta hau, ta wuce inda na yaron nan ya fashe, ta kai jan layi ta tsaya. Ya ƙara. Ta tsaya. Ya sauka da kansa ya bi kowane haɗi da busasshiyar takarda, ya ɗago ta ya nuna wa yaran, ko ɗigo babu.

"Wannan ramin ba za a taɓa shi ba," ya ce. "A bar shi haka, sababbi su riƙa gani." Ya juya wurinta. "Ki zana jarrabawar. Ina nan, ban yi ritaya ba tukuna."

Ta je bakin tanki ta wanke hannu da ƙafa, ta karɓi takalminta. Ta yi wa malamin godiya sosai, har da rusunawa. Ta ce mini mu tafi kar mota ta wuce.

Sai da muka yi nisa na ce, "To, yaushe ake jarrabawar?"

"Ba zan zana ba, Tsoho."

"Kin ga fa abin da kika yi."

"Na gani. Shekara biyu na yi ina koya wa raina ya daina so, kuma da ƙyar ya koya. Saura shekara biyu in gama. Idon Baba ya fara ba shi wahala a kan keken ɗinki, ƙannena uku suna tafe. In na koma farko, sai yaushe?" Sannan ta ce, "Ka ce in bi, na bi. Wannan karon ka bari ni in faɗa."

Na buɗe baki, na tuna motar farko, na rufe.

Ta gama karatunta. A shekarar ƙarshe ta karya dokata guda, ta shiga cikin wasu 'yan aji masu karatu tare, har wata ta zo gidanmu sau biyu, na rasa inda zan sa ta don murna. Yanzu tana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri, tana tsara takardun direbobi. Suna yabonta. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Masu 'ya'ya suna zuwa wurina har yau neman shawara, don sun san na ga duniya. Ina gaya musu su je su duba makaranta, amma ba lokacin hutu ba, su je yara suna ciki. In sun ga abin da bai yi musu ba, su tambayi na mene ne kafin su yi fushi. Su tsayar da ɗalibi guda su tambaye shi abin da hannunsa ya taɓa a satin nan, da malamin da ya san sunansa. In yaron ya shiga kuma, kar a ce masa daga aji sai gida. Ya shiga cikin 'yan'uwansa, ya ƙwanƙwasa ƙofar malami, ya ɓata abu a gaban mutane a yi masa dariya. In kuwa ɗanka ya fara magana a mota, ka bari ya kai ƙarshe.

Wasu in na ba su labarin nan sai su yi murmushi, wai son jika ne, wai kowane tsoho jikarsa ce ta fi. To, ba gardama. Makarantar tana nan, awa shida ce. Ka zagaya baya, rami na uku daga katanga. Ka tafi da injiniyanka, ka sa a buɗe ruwa har jan layi, ka bi haɗin da takarda. In ka dawo mini da ita da ɗigo ɗaya a jiki, akwatin kayan aikina naka ne, da sifanar da ke ciki, kuma a gaban jama'a zan miƙa maka.